Cuku Mai Layi Biyu

Shekaranjiya na ji ɗayarku tana ce wa ƙawarta cuku ba sana'a ba ce. Wai Allah ya yi madara, Allah ya yi rana, mace kuma ta zauna a tsakani tana korar ƙuda. Ban tanka ba, don bakina cike yake da goro a lokacin. Yau goron ya ƙare. Tunda furoje, masu aikin tallafin nan, ya turo ku gidana ku koyi aiki, har ya ɗinka muku fararen riguna kamar masu shiga ɗakin tiyata, to ku kife wayoyin nan a kan tabarma ku ba ni kunnuwanku. Ni ce Rakiya ta Rumbu, kuma na fi shekara arba'in hannuna yana ƙarnin madara.

Aikin farko da uwata ta ba ni shi ne wanke tumbin ɗan akuya. Mutanenmu daga arewa suka gangaro lokacin da fari ya cinye dabbobi, suka zauna a Rumbu da shanu ukun da suka rage musu, kuma da madarar shanun nan uwata ta ciyar da mu. Tumbin da ake so na ɗan akuyar da bai taɓa sa ciyawa a baki ba ne. Ana ɗauraye shi sama-sama, a zuba gishiri, a rataye a inuwa har ya bushe ya yi tauri. Ranar aiki sai a yanki ɗan guntu a jiƙa a ƙoƙo, ruwan nan shi ke ɗaure madara. Ni kuwa da na ji abin yana wari, sai na sa sabulu da soso na dirje shi fes, na kawo ina jiran yabo. Uwata ta juya shi, ta shinshina, ta jefa wa kare. Kwana tara ba a yi cuku a gidanmu ba, sai da wata maƙwabciya ta sam mana guntun nata.

Madara kuma ba kowacce ba. Ta safe ake so, da ɗumin jikin saniya a cikinta. Idan matan ruga suka sauke bidonsu, jarkokin madarar nan, kada ku tsaya kallon fuska, duk suna da fara'a. Ku ɗiga ɗigo ɗaya a farcen babban yatsa. In ya tsaya dunƙule, ku karɓa. In ya zarce ya bi gefen yatsa, to rijiya ta sa hannu a ciki, sai ku yi gaisuwa mai kyau ku ce yau kun ƙoshi. Ruwan tumbin ma da gwargwado: in ya yi yawa cuku ya yi ɗaci, ya yi danƙo a haƙori, in ya yi kaɗan ki wuni kina kallon ƙwarya ba ta ɗaure ba. Babu cokalin awo da zai koya muku wannan, sai kun ɓata ƙwarya goma da hannunku.

Sai tabarma. Ba tabarmar zama ba, 'yar ƙaramar nan da ake zuba cuku a kai, wadda ake saƙawa da karan afazo, ciyawar da ke fitowa a yashi, a ɗaure da siririyar fata. Ludayi ɗaya, cuku ɗaya. Ki kife a tsakiya, ki baza da bayan yatsu, ruwan ya tsiyaye ta tsakanin karare, ki naɗo gefe huɗu su daidaita, ki danna a hankali. Kararen nan su ne ke barin layi-layi a jikin cuku. Ranar da uwata take saƙa tata, siraran karare suka ƙare mata, ta cike da masu kauri guda biyu a jere kusa da baki. Kuskure ne, ita ma ta sani. Amma duk cukun da ya sauka daga tabarmar nan sai ya fito da layi biyu masu zurfi a gefe, masu saye suka fara cewa a ba su mai layi biyu. Da aka kawo ni aure nan Dakoro, ba ta da abin ba ni da ya wuce tabarmar. Duk waɗanda na saƙa daga baya, na maimaita kuskurenta da gangan.

Shanya ita ce rabin sana'ar, kuma ita kuka fi rainawa. Ana son ranar hantsi da iska, a fili, a kan gadon kara mai tsayi. In rana ta take ta yi zafi ainun, cuku ya yi gumi, mai ya fito, ya yi ja. Sai an juya shi a kan kari. Ga kaza, ga kyanwa, ga shirwa da ke saukowa kamar an aiko ta. Mu biyar muke aiki a tsakar gidan nan tun bayan rasuwar maigidana, kowa da kayanta, amma duka a tabarmata ake zubawa, ɗaki guda muke tarawa.

Mai sayenmu babba shi ne Alhaji Mamman, mai kamyo ɗaya, wato motar dakon kaya, da baki goma. Shekara ashirin yana kwasar cukunmu ya kai Maraɗi, ya tsallaka iyaka ya kai Katsina da Kano, inda Buzaye masu gadi ke saye su ci da shayi su tuna gida. In ya zo sai ya ɗaga cuku ya duba shi a hasken rana, ya kai kusa da kunne ya ɓalli kusurwa. In ya ce ƙas, ya yi murmushi. In ya lanƙwashe, sai ya fara ba ni labarin wata mata a Kornaka da ta fi ni iyawa, matar da har yau ban ga wanda ya taɓa ganinta ba. Abu guda ne ba ya wasa da shi: ɓallallen cuku ba ya tsallaka iyaka. Can cikakken falle suke saye, da layinsa biyu a jiki, gutsattsari kuwa ko kyauta ba ya biyan wahalar ɗauka. Ni ban taɓa ganin iyakar nan da idona ba, amma tana cikin tukunyata. In naira ta faɗi, miyata ta tsinke. In manya suka yi fushi da juna a manyan birane, ni ce nan zan ji a jikina.

Yanzu zan gaya muku zancen Habsu, wadda za ta koya muku shanya gobe. Ita ta ce in faɗa, wai gara ku ji a bakina da ku tsinta a bakin famfo.

Wata safiya bayan kaka kawunta ya kawo ta, da 'yar yarinya a goye mai suna Nana. Habsu 'yar ƙawata Tsahara ce, wadda muka yi tallan cuku tare muna 'yan mata, Allah ya jiƙanta. Gari duk ya san labarinta. Mijinta makiyayi ne da ɓarayi suka kore masa shanu, ya rasa inda zai kai kuka, sai ya bi masu wa'azi da bindiga zuwa dajin da ke bakin iyaka, ita ma ta bi shi. Da aka kashe shi ta fito da ƙafa ta miƙa kanta ga sojoji. An tsare ta wani lokaci a wurin da ake ajiye tubabbu, sannan aka sallame ta da takarda. Sharaɗin takardar shi ne ta riƙa kai kanta wurin jandarma kowane wata, kuma kada a gan ta kusa da iyaka. Kawun ya zauna yana ta murza hula, ya ce babu gidan da ya yarda ya ba ta ko aikin surfe.

Na dubi hannunta, don ni hannu nake kallo. Yatsun uwarta ne sak, dogaye, marasa nauyi. Na ce ta wanke su ta zo.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Zeinabu, wadda ta fi kowa daɗewa tare da ni, ƙanenta soja ne, kuma irin mutanen nan ne suka kashe shi a yamma. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ludayinta kawai ta ɗaure wa jan zare, ta ce kada wanda ya taɓa mata. Turminta da taɓaryarta ma ta mayar gida. Wasu matan gari suka aiko cewa ba sa son cukun da hannun Habsu ya taɓa. Na ce da ɗan aiken duk cukun gidana layi biyu ne, wadda ta iya ta zo ta ware.

Zubi bai ba ta wuya ba, cikin sati biyu gefenta ya fi nawa miƙewa, kuma na ji haushi kaɗan. Shanya ce ta gagara. Duk sanda na juya baya sai ta kwashe nata daga fili ta kai ƙarƙashin rumfa, ta lulluɓe da wani tsohon zane mai duhu. Cuku kuwa in bai ga rana ba tsami yake yi. Na yi magana sau ɗaya, sau biyu. A na uku na tarar da aikin wuni guda ya lalace, na buɗe baki na zazzage mata abin da ke cikinsa, har na ce ko a dajin ba a koya musu bambancin rana da inuwa ba.

Ta bari na gama, sannan ta ce, “Inna, can ba a shanya farin abu a fili. Daga sama ana gani nai. Wata da muke kwana ɗaki guda ta shanya farin zanen goyo, ba ta kai ga kwashewa ba jirgi ya zo.”

Na tsaya da ludayi a hannu, kunya ta rufe ni. Ban sake yi mata faɗan shanya ba. Washegari na ja gadon karan zuwa bakin rumfa, rabi a inuwa rabi a rana, na ja layi a ƙasa da ƙafata. Kowace safiya sai in matsar da shi taƙi ɗaya. Wata rana ta yarda, wata rana in dawo in ga ta mayar da shi inda yake jiya, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Sanyin shekarar nan gaba ɗaya muka ci kafin gadon ya kai tsakiyar gida.

A wurin juya cuku ta gaya mini sauran, ba tare da na tambaya ba. “Kada ki ji tausayina da yawa, Inna,” in ji ta. “Ba sace ni anka yi ba, da ƙafata na tahi, kuma na yarda da abin da suke hwaɗi.” Aikinta a wurinsu dako ne. Mace ba a cika lalubenta a shinge ba, sai su tura ta ƙauyukan iyaka ta sayo magani da batir da gishiri da layin waya, ta ɗaure a jiki ƙarƙashin dogon baƙin hijabi. Ta san kowace rijiya, ta san kwarin da babur ke bi ba a hango shi. Na ce da ita wannan sanin ta binne shi, ta taka wurin. Amma magana ba ta zama a gida ɗaya a Dakoro, ta kai kunnen wanda bai kamata ba.

Mugunyar shekarar ta zo mana a tsakiyar damina. Mulki ya canza hannu a babban birni, ƙasashen maƙwabta suka sa mana takunkumi, aka rufe iyaka. Dabbobin da ake korawa kudu suka tsaya a nan, ciyawa ta yi kyau, madara ta cika gari har matan ruga suna roƙon mu karɓa. Muka ce abin sati biyu ne, manya za su shirya. Muka ci gaba da zubi. Wata ya wuce, ɗaki ya cika har rufi, manya ba su shirya ba. Damina kuwa abokiyar gabar cuku ce. Danshi ya shiga, fumfuna ta fara bin gefe. Kullum sai mu fito da shi mu kankare da wuƙa, mu shanya, hadari ya taso mu kwashe a guje. A kasuwar Maraɗi cuku ya yi yawa har ba mai tambaya. Hatsi kuma ya yi tsada, ga sabon gero bai nuna ba. A gidan Zeinabu sau ɗaya ake ɗora tukunya, yara shida.

Ana cikin haka Alhaji Mamman ya yi sallama, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin kamyonsa. Ba mugun mutum ba ne, ku riƙe wannan, shi ma gidansa cike yake da bakuna. Ya ce can Katsina ana neman mai layi biyu ido rufe, kuma ya sami babura huɗu da za su bi ta daji. Matsalar ita ce waɗanda suka gwada, wasu duwan masu karɓar kuɗin fito sun kama su, wasu 'yan daji sun tare su.

“Sai da wanda ya san hanya, Hajiya,” ya ce, yana kallon inda Habsu take kankare cuku.

Na ce, “Alhaji, sha ruwanka ka tashi. Gidan ga babu mai sanin hanya, masu cuku ne kawai.”

Ya tashi ba musu. Ashe a waje ya tare Habsu, ko kuma ita ta tare shi, har yau ban bincika ba.

Bayan kwana uku na lura da wasu abubuwa. Habsu ta zaunar da ni tana nuna mini yadda Nana ke son kununta, ba zafi, da ɗan tsami. Ta yi wa yarinyar kitson da zai daɗe. Da na shiga ɗakinta neman wuƙa, sai na ga baƙin hijabin nan, wanda tun zuwanta yake ƙasan akwati, an wanke shi an shanya a igiya a cikin ɗaki. Na kira ta.

“Yaushe ne?”

Ba ta yi mini ƙarya ba. “Gobe bayan azahar za su zo su ɗaure kaya. Zuwa guda ne, Inna, in kai su in komo. Shekara biyu kuna ci da ni. Ɗiyan Zeinabu na kwana da yunwa, ga abinci cike da ɗaki yana ruɓewa, ni kuma na san hanya. In zamna in yi kallo?”

“Su wa ke riƙe da hanyar yanzu?”

Ta kai hannu tana gyara hijabin a igiya, sai na ba kaina amsa.

“Waɗanda kika baro ne. Za su bar ki ki wuce don Allah?”

Ta sunkuyar da kai. “In na ɗauko musu saƙo wurin komowa, za su bari.”

Shi ke nan, na gane. In jandarma suka gan ta, takardarta ta mutu, sai kurkuku. In mutanen dajin suka gan ta, ko su kashe ta don ta gudu, ko su ba ta saƙo na farko, daga shi sai na biyu. Ta kowace fuska Nana ta rasa uwa. Na yi mata magana har bakina ya bushe, tana cewa to, to, irin to ɗin da na san ba ta da gindi. Ba yarinya ba ce da zan kulle a ɗaki. In na kai ƙara kuma, ni da kaina na miƙa ta. Na fita na tsaya a ƙofar ɗakin ajiya ina kallon cukun nan jere-jere har sama, sai na ga ashe ba Habsu ce abin tsarewa ba. In babu kayan ɗauka, babu tafiya.

Amma kayan ba nawa ba ne ni kaɗai, guminmu ne mu biyar na damina guda. Da la'asar na bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka yarda da ƙyar, ɗaya ta yi kuka ta ce in yi abin da na ga dama. Na bar Zeinabu a ƙarshe don ita nake tsoro. Na same ta tana tsince tafasa, ganyen da suka koma ci ke nan. Na gaya mata komai, ban rage ba. Na ce in an bi ta daji, wataƙila yaranta su ci tuwo sati mai zuwa. In an bi tawa, ba za ta ga ko dala ba.

Ta daɗe tana tsinkar ganye. Can ta ce, “Yaya, in ta tahi ta kai musu magani, da shi za su warke su kashe ƙanen wata.” Ta watsa ganyen a ƙwarya. “Kuma in ba ta nan, wa za ya riƙa juya mini cuku da rana tsaka, ni da wanga baya nawa? Ke?”

Na tashi na tafi.

Washegari da hantsi ina shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, sai ga Zeinabu ta shigo da turmi a ka, taɓarya a hannu, turmin nan da ta ɗauke shekara biyu da suka wuce. Sauran ma suka kawo nasu. Muka buɗe ɗakin ajiya. Ni na ɗauki falle na farko. Mai kyau ne, fari, ya bushe ƙayau, layin uwata biyu kwance a gefensa. Ban taɓa karya cikakken cuku da gangan ba tun da aka haife ni. Na sa shi a turmi na sauke taɓarya.

Busasshen cuku yana da ƙara in ana daka shi, kamar ana taka busasshen kara. Ƙarar ce ta fito da Habsu daga ɗaki, tana sanye da baƙin hijabin har ƙasa, ta riga ta shirya. Ta tsaya tana kallon turame biyar suna tashi suna sauka, farin gari yana taruwa a tabarma.

“Inna! Mi kuke yi haka? Inna, ku bari!”

Ta ruga ta riƙe mini taɓarya. Na ce, “Sakar mini, ɗiyata. Kayanmu ne, mun ga dama.”

“Saboda ni? Damina guda, saboda ni?”

Taɓare suka ci gaba da sauka. Sai Zeinabu ta dakata, ta dafe ƙugu, ta share gumi. Tunda Habsu ta zo gidan nan ba ta taɓa kiran sunanta ba.

“Ke Habsu,” ta ce, “tuɓe wanga baƙin abu kada shi sha mana gari. Zo ki karɓe ni, bayana ya ƙage.”

Ta miƙa mata taɓaryarta. Habsu ta dubi taɓaryar, ta dubi Zeinabu. Ta cire hijabin ta ajiye a bakin rumfa, ta karɓa. Tana daka tana kuka, hawaye na zuba a turmi, Zeinabu tana cewa ta yi a hankali, gishirin da ke ciki ya isa.

Bayan azahar Alhaji Mamman ya iso da baburansa. Ya tsaya a bakin zaure ya ga ɗakin ajiya wayam, ga tulin gari a tabarmi. Ya zauna a kan turmin da aka kife, ya cire hula.

“Hajiya, kin kashe ni.”

“Ban kashe ka ba, Alhaji. Buɗe buhunka.”

Na cika masa buhu guda ya kai wa iyalinsa. Ya ɗauka bai yi godiya ba, ban kuma jira ta ba.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi don ya yi daɗin ji. Garin nan mun raba shi mu biyar, da kason Habsu na shida. Mai fumfuna muka ba awaki, mai kyau muka riƙa haɗa shi da ɗan geron da aka samu ana dama wa yara, shi ya kai mu har sabon hatsi. Amma asara ta tabbata. Na sayar da saniyar da nake ji da ita. Ɗaya daga cikinmu ta bar sana'ar ta koma soya awara, har yau gaisuwarmu daga nesa ce. Da aka buɗe iyaka bayan watanni, masu sayen Katsina sun saba da cukun wasu, sai da muka sake neman suna kamar sababbin shiga. Alhaji Mamman ya yi shekara bai taka gidan nan ba. Ranar da ya dawo, ya ɗaga cuku a rana, ya ɓalla a kunne, ya ce matar Kornaka tana gaishe ni.

Nana yanzu tana lakwal, makarantar boko ke nan, uwarta ce ke raka ta kowace safiya. Bara Habsu ta saƙa tabarmarta da kanta. Na ce ta sa alamar da take so, ta isa. Da ta kawo mini na ga layi biyun uwata suna nan, sai ta ƙara wani siriri a gefensu. Zeinabu ta ce na ukun bai miƙe ba, amma a kansa take zuba nata.

To, gobe da hantsi za ku same ta a tsakar gida, inda gadon kara yake yanzu, nesa da rumfa. Ku zo da hannu a wanke, ban da turare. Za ta ɗauko cuku fari tas ta nufi fili. Kafin ta shimfiɗa na farko za ku ga ta tsaya ta ɗaga kai ta dubi sama, gabas da yamma. Har yau tana yi. Kada wadda ta yi dariya, kada wadda ta tambaye ta ko hadari take dubawa. Ku tsaya a gefenta ku jira ta sauke kanta, sannan ku miƙa mata na biyu.